Alkawarin da Ɗan Gayu Ya Kwafa

Yayata ba ta mantuwa. A gidanmu kowa ya san haka tun muna yara. In ka yi mata laifi ba ta kuka, ba ta kai ƙara, sai dai ta dube ka ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba saƙo ta ce ta ji. Tana aji biyar wata 'yar ajinsu ta zuba mata tawada a littafi da gangan, ta ce kuskure ne. Yaya ta yi shiru har zango biyu. Ranar da malami ya sa aka yi musayar littattafai don a duba wa juna, na yarinyar ya faɗo hannunta. Ta tsamo kuskure talatin da ɗaya a shafi guda, ta miƙe ta karanta su ɗaya bayan ɗaya a gaban aji. Babu na ƙarya ko ɗaya a ciki. Da labari ya iso gida, mahaifinmu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wannan 'yar, ku dai kiyaye ta."

Da ta gama makaranta ta yi shekara goma sha huɗu a wata maɗaba'a tana duba rubutu kafin a buga. Katin gayyata, rasit, littafin koyon tuƙi, takardar da ake naɗewa cikin kwalin magani, duk sai sun bi ta teburinta. Kullum da jan biro a maƙale a wuyan rigarta, har ma'aikata suka daina kiran ta da komai sai Jan Biro. Da maɗaba'ar ta rufe ta dawo gida da bironta da tabaronta, ta rasa abin da za ta duba sai aikin gida na 'ya'yanta, su kuwa suka riƙa ɓoye mata littattafansu.

Mijinta mai gyaran kujeru ne, mu muna ce masa Mai Kujera. Mutum ne mara magana. Yaya takan ce ba halinsa ba ne, sana'a ce ta ja masa, don wanda ya shekara ashirin da ƙananan ƙusoshi a baki ba ya sabawa da surutu. Shagon na mahaifinsu ne, haya yake yi, da ya rasu suka ci gaba shi da ƙanensa. Dogon ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, kujeru a kife ƙafafu sama, yadudduka a naɗe jingine da bango, tsohon keken ɗinki a lungu, ga warin gam da ke bin ka har gida. Mai Kujera shi ke farkewa, ya cusa soso, ya ja yadi, ya buga. Ƙanen shi ke karɓar baƙi. Farin takalmi yake sawa ya shiga shagon, ya fito da shi fari, shi ya sa ake ce masa Ɗan Gayu.

Yaya ce ta ce a buɗe wa shagon shafin intanet. Ɗan Gayu ya yi murna, har ya kawo abin da yake so a rubuta a sama: "Mu ne zakaru a fagen kujeru, ingancinmu ya zarce na kowa."

Yaya ta ja masa jan layi daga farko har ƙarshe. Ta ce, "Wanda kujerarsa ta lotsa ba zakara yake nema ba. So yake ya san za ku zo ku ɗauka, da ranar da za ku dawo masa da ita."

Sati uku ta yi tana zama a kan benci a bakin shagon da littafi a cinya, tana rubuta abin da mutane ke faɗa in sun shigo ko sun bugo waya. Ba wanda ya taɓa tambayar inganci. Cewa suke kujera ta lotsa, yadi ya yage, yara sun zuba mai, kwana nawa, za ku zo gida? Da kalmominsu ta gina shafin. Layin farko cewa ya yi: "Kujerarki ta lotsa ko yadin ya yage? Muna zuwa mu ɗauka, mu gyara, mu dawo da ita cikin kwana biyar." A ƙasa lambar waya, sai kwatancen shago, sai hotunan aikin da ta ɗauka da kanta, kujera kafin gyara da bayan gyara. Duk jimlar da ta karanta a waya numfashinta ya yanke kafin ta kai aya, sai ta raba ta biyu. Cikin shekara uku aiki ya yi yawa har suka samu direban da ke ɗauko musu kaya kullum da motarsa.

Sai Mai Kujera ya samu matsalar baya. Suna sauko da kujera mai zaman mutum uku daga bene, wani abu ya goce a ƙashin bayansa. Aka yi masa aiki, likita ya ce wata biyar a kwance. A kwana na uku a asibiti Ɗan Gayu ya zo da leda cike da lemo, ya durƙusa ya gaida yayansa, sannan ya ce, "Matar yaya, ba ni lambar sirrin shafin nan in riƙa amsa wa mutane. Ke ki ji da mara lafiya."

Ina wurin. A bayan takardar magani ta rubuta masa.

Ba mu san komai ba sai ranar da Mai Kujera ya fara takawa da sanda, ya ce a kai shi ya ga shago. Ni na tuƙa su. Muka tarar an sake fenti, an ɗauki ma'aikata biyu da ba mu sani ba. Ɗan Gayu ya ba yayansa kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi, sannan ya yi bayani da murya mai laushi. Hayar shago ta ƙare yayansa na kwance, ya sabunta da sunansa. Lambar wayar da ke shafi ya mayar tasa, don sauƙi. Ciwon baya kuma ba abin wasa ba ne, gara yayan nasa ya huta, in ya ji ƙarfi ya riƙa zuwa yana duba yaran nan, za a riƙa ba shi wani abu.

Yaya ta ciro wayarta ta buɗe shafin. An cire hoton mijinta. Inda ta rubuta tarihin shagon, yanzu Ɗan Gayu ne ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, shi kaɗai. Sauran kuwa, kowace kalma tata ce.

Ta ce, "Shafin fa? Shekara uku ina rubuta shi."

Ya yi dariya. "Haba matar yaya, rubutu kuma har aiki ne? Duk wanda ya gama firamare ai ya iya."

Na dubi Yaya. Ta gyaɗa kai.

A mota Mai Kujera ya ce, "Ki bar shi da Allah."

Ta ce, "Na bar shi da Allah, Baban yara. Amma Allah ya bar min hannuna."

Garejin gidansu suka share. Mota ta koma kwana a waje, aka shigo da teburin aiki da sabon keken ɗinki, aka yi wa Mai Kujera doguwar kujera mai majingini don kada ya riƙa sunkuyo. Yaya ta buɗe sabon shafi daga tushe. Watannin farko sun yi ɗaci. Duk wanda ya nemi gyaran kujera a waya, tsohon shafin ne ke fara fito masa, da kalmominta, da lambar wani. Akwai satin da aikin da ya shigo garejin bai wuce matashin kujera biyu ba.

Sai ta fara rubuta shafi ɗaya kowane sati, kowanne amsar tambaya guda. Yadda za ki gane kujerar da ta cancanci gyara da wadda ta gama yayi. Abin da ke sa sabuwar kujera ta lotsa cikin wata shida. Yadin da ke jure gida mai yara. Takan zauna gefen mijinta ta yi ta jan bakinsa har ya faɗi abin da hannunsa ya sani, ita kuma ta mayar da shi magana. In ta rubuta sai ta karanta mini a waya, duk inda na ce "wato me?" ta goge ta sake.

A hankali waya ta fara ƙara. A lokacin ne kuma ta lura da wani abu. Duk shafin da ta saka ranar Litinin, zuwa Alhamis ya bayyana a shafin Ɗan Gayu, kalma da kalma, sunan shago kawai ake canjawa. Don ta tabbatar, matar da ba ta taɓa barin kuskure ya wuce ta ba ta rubuta "kujare" maimakon "kujera" a tsakiyar wani sakin layi. Kwana biyu ta yi ba ta jin daɗin abinci saboda kuskuren nan yana zaune a shafinta. Ranar Alhamis ga "kujare" a shafin Ɗan Gayu.

Ta kira ni, muryarta wasai. "Auta, ba ya karantawa. Kwashewa kawai yake yi."

Direban nan na ɗaukar kaya yana yi wa shagunan biyu aiki, ba ruwansa da rigimar 'yan'uwa. Amma wata rana yana sauke kujera a gareji ya tsaya yana kallon Mai Kujera na yanka sabon soso mai kauri, ya girgiza kai ya ce, "Can kuwa ba haka ake yi ba yanzu." Yaya ce ta bi direban har mota da kofin shayi. A nan ya gaya mata cewa tsohon soson da aka ciro daga kujerar wani shi ake cusa wa ta wani, a cike gurbi da tsumma da guntayen kwali, a shimfiɗa sabon soso siriri a sama don hannu ya ji laushi. Wata huɗu, biyar, kujera ta koma gidan jiya.

Na ce mata, "To ki rubuta mana, ki tona shi."

Ta ce, "In rubuta a ce matar wa ce ke baƙin ciki da ƙanin miji? A'a. Da bakinsa zai faɗa."

Da yamma ta samu mijinta yana share teburi. Ta ce, "Baban yara, in mai kujera ya ce a farke ƙasanta a gabansa ya ga abin da ka sa, za ka yarda?"

Ya ce, "Me zan ɓoye?"

"Ko kullum ne?"

"Ɗinki ne na minti goma."

Iyakar abin da ta tambaye shi ke nan, bai kuma tambaye ta dalili ba.

Shafin da ta rubuta a satin dogo ne, kan yadda ake gane soso mai kyau, kuma duk wanda ya karanta zai ƙaru. Ta yi bayanin nauyi da kauri, da yadda za ka danna da tafin hannu ka ƙirga daƙiƙa nawa yake yi kafin ya taso. Can wajen ƙarshe, inda mai gaggawa ba ya kaiwa, ta sa sakin layi guda: "Alkawarinmu: ranar da muka kawo miki kujera, ki ce a farke ƙasanta a gabanki. Mu za mu farke, mu za mu ɗinke. In kika ga tsohon soso ko tsumma, ki ɗauki hoto ki saka a ƙasan shafin nan kowa ya gani, mu kuma mu sake aikin daga farko."

Da ta karanta mini na ce, "Yaya, ɗan'uwan mijinki ne fa. Baffan 'ya'yanki."

Ta ce, "Ranar da ya kawo lemo asibiti ma baffansu ne."

Ranar Alhamis shiru. Juma'a shiru. Yaya ta wanke labulen gidan duka, ta goge abin da ba ya buƙatar guga. Ranar Asabar da hantsi shafin ya fito a wurin Ɗan Gayu, da alkawarin, ba a taɓa ko waƙafi ba.

Daga ranar duk kujerar da ta fita daga garejin, Yaya kan bi mota ta sa a farke a gaban mai ita, ko bai nema ba, ta ɗauki hoto ta saka. A ƙarƙashin kowane hoto layi ɗaya take rubutawa: "Duk inda kika kai gyara, ki duba abin da suka yi alkawari a shafinsu, ki ce su cika." Ba ta ambaci kowa ba.

Sati biyar aka yi. Wadda abin ya faɗa a kanta wata likitar haƙori ce da ta ba Ɗan Gayu kujeru goma sha biyu na ɗakin jiran marasa lafiya. Irin mutanen nan ce da ke karanta takarda har ƙananan rubutun ƙasa. Direba ne ya kai kayan, Ɗan Gayu ya biyo shi da kansa saboda aikin babba ne. Aka jera kujeru, ɗakin cike da masu jira, kowa ya dafe kunci. Likita ta fito da takarda a hannu, ta buga shafin a injin ofis.

Ta ce, "Sun yi kyau. A farke min wannan."

Ɗan Gayu ya ce, "A farke? Ranki ya daɗe, sabon aiki ne."

"Na sani. Ku kuka rubuta." Ta miƙa masa.

Direba ya ba mu labari cewa a tsaye Ɗan Gayu ya karanta, leɓɓansa na motsi, kuma kana ganinsa ka san yau ya fara ganin rubutun. Ɗan Gayu ya ce bai zo da kayan aiki ba. Likita ta aika aka kawo almakashi. Ya ce ɗinkin zai lalace. Ta ce takarda ta ce su za su ɗinke. Da ya ƙi karɓar almakashin ta kifa kujerar da kanta ta yanka baƙin yadin ƙasa. Tsohon soso mai ƙura ya fara zubowa, sai kwali, sai tsummoki, sai hannun wata riga ɗungurungum da maɓallinsa. Wani dattijo da haƙori ya hana shi magana tun safe ya saki kuncinsa ya ce, "A duba ko mai rigar yana ciki."

Ta farke uku, duk haka. Ta ɗauki hoto ta saka a inda shafin ya ce a saka. Kafin Ɗan Gayu ya koma shago ya goge, mutane sun riga sun kwashe hotunan suna tura wa juna. Waɗanda ya yi wa aiki a baya suka riƙa kifa kujerunsu a gida suna farkewa da wuƙa. A cikin satin na bi ta layin shagon, kujeru a jere a bakin titi cikinsu a waje, masu su na tsaye a rana suna jiran sa.

Mahaifiyarsu, Inna, ta kira taro a ɗakinta. Yaya ta ce in raka ta. Ɗan Gayu na zaune a ƙasa, ya rame.

Ya ce, "Inna, rami ta haƙa min. Da gangan ta yi."

Inna ta ce, "Gaskiya ne, 'yar nan?"

Yaya ta ce, "Inna, a shafin mijina na rubuta, abin da mijina zai iya cikawa. Ban aika masa ba, ban ce ya ɗauka ba. Wanda ya tsallaka katangar wani ya faɗa rijiya, mai gida zai kama?"

"Amma kin san zai tsallaka."

"Na sani."

Inna ta yi salati. Ta ce ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya suka sha, ba a yi wa jini haka. Yaya ta sunkuyar da kai ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Inna, wata biyar babban ɗanki na kwance, aka raba shi da shagon ubansa. Ban ji an kira taro ba."

Mai Kujera, wanda ke zaune a gefe, ya juya ya dubi ƙanensa. "Da gaske tsumma ka sa wa mutane? A shagon Baba?"

Mai Kujera ya dafa sandarsa ya miƙe ya fita.

Abin bai zo wa Yaya a banza ba. Mijinta ya yi sati biyu ba ya yi mata magana, ko da yake ta ce sai da aka kwana huɗu ta gane fushi ne. Abin da ya ce mata daga baya shi ne da ta gaya masa da bai yarda ba, ta ce shi ya sa ba ta gaya masa ba. Inna ta shekara ba ta taka gidansu ba, kuma har yau in Yaya ta gaishe ta, amsar ba ta wuce kalma biyu. Ɗan Gayu ya yi wata takwas yana fama, ma'aikatansa suka watse, ya mayar wa mai gida makulli. Yanzu labule yake sayarwa a shagon wani, a can ɗaya gefen gari. Shi da yayansa suna haɗuwa a wurin Inna su gaisa. Kujerun likita goma sha biyu a garejin aka sake gyara su, kuma Mai Kujera bai yarda Yaya ta saka hotonsu ba.

Garejin an faɗaɗa shi har ya cinye rabin tsakar gida. Yaya kuma masu shaguna suka fara nemanta: mai gyaran taya, mai yanka makulli, wata mai wankin bargo. Kowa sai ta je ta zauna a bakin shagonsa da littafi kafin ta rubuta layi ɗaya. Wanda ya ce a sa masa "mun fi kowa", takan tambaye shi wa ya auna.

Na taɓa tambayar ta ko ta yi da-na-sani. Ta cire tabarau ta yi tunani da gaske, ta ce ɗaya ne, ba ta cikin ɗakin likitar a ranar. Shi ya sa duk lokacin da direba ya zo ɗaukar kaya ba ya tafiya sai ya sha shayi. Ta ja masa kujera, ta zauna ta fuskance shi.

"To, ta miƙa masa takardar. Sai ya yi yaya?"

"Haba uwar gida, ai na ba ki labarin nan ya fi sau ashirin."

"Sha shayinka. Fara daga inda kuka shiga."